Badagry, Lekki Ko Ƙetare: Ina Basakkwace Zai Kai Iyali Su Ga Teku?

Da zarar yara sun samu dogon hutu, ko ango ya fara lissafin inda zai kai amarya bayan an watse biki, tambaya guda ke yawo a majalisu daga Mabera har Arkilla: ina za a je a ga teku ba tare da an sayar da fili ba? Da yawanmu babban ruwan da muka sani bai wuce madatsar Goronyo da tafkin Kware ba, don haka sha'awar tana nan, aljihun ne ke ja da baya.

Bari in fara sallamar waɗanda ba na ba da shawararsu. Dubai a bar wa masu dala. Zanzibar garin Musulmi ne mai kyau, ba ka fargabar abinci, amma tikitin jirgi kaɗai zai karya ka, ga inshorar dala 44 da suka ɗora wa kowane baƙo tun Oktoban 2024. Jidda kuwa, wanda Allah ya kai Umra ya ware yamma guda ya leƙa bakin Bahar Maliya, ya wadatar. Kwatano da Lome ba sa neman biza, sai dai sefa ta fi ƙarfin naira, kuma tsohuwar hanyarmu ta Gaya da Malanville ta rikice tun juyin mulkin Nijar na 2023.

Saura Legas. Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari ya tafi, an cike shi da yashi an ɗora Eko Atlantic a kai. Na Landmark an rushe shi a 2024 don titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. Waɗanda suka rage a Lekki, kuɗin shiga daban, na ajiye mota daban, na kujera daban, sannan a kunna maka kiɗan da ba ka jin maganar na kusa da kai, kwalabe ta ko'ina. Ba wurin da za ka shiga da Hajiya da 'yan mata ba ne.

Ni Badagry nake tura mutane. Tana can yamma da Legas, dab da Seme, iyakarmu da Jamhuriyar Benin, kuma gari ne mai tarihinsa, ba yashi da kujerun roba kawai ba. Mutanen wurin Ogu ne, waɗanda ake kira Egun, sarkinsu Akran. Garin ya bunƙasa ne a ƙarni na 18, lokacin da yaƙe-yaƙen masarautar Dahomey, da ke Jamhuriyar Benin ta yau, suka tarwatsa garuruwan Allada a 1724 da Ouidah a 1727, mutane suka yi ta gudowa gabas, Turawan fatauci suka biyo su. Abin da ya ɗaga garin ba abin alfahari ba ne: cinikin bayi. Cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa har da Hausawa masu yawa, kuma su ne aka ji ɗuriyarsu a boren bayi na Bahia a ƙasar Brazil tun 1807.

Ga kuma igiyar da ta ɗaure garin da namu. A Badagry Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasashe, ya sauka a ƙarshen 1825, ya ratsa ƙasar Yarbawa, ya ƙetare kogin Kwara, ya iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya taɓa karɓarsa a 1824 sa'ad da ya biyo ta Hamada. A nan ƙasar Sakkwato ajali ya riske shi a Afrilun 1827. Yaronsa Richard Lander ya kwashi takardunsa ya koma Badagry, inda masu cinikin bayi suka yi masa sharrin leƙen asiri, aka tilasta masa shan guba don rantsuwa, ya sha ya rayu. Yau kuma titin da aka ƙaddamar a Illela a Oktoban 2024, mai tsawon kilomita 1,068, ta Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun, a Badagry zai tuƙe. Tun zamanin Shagari ake maganarsa. Kafin a gama shi, ko dai ka hau jirgi daga filin Sultan Abubakar III, ko ka ɗaure ɗamarar doguwar mota ta Yawuri da Kontagora da Jebba.

Bayan an hana cinikin bayi, Legas ta janye kasuwa, Ingila ta haɗe Badagry da mulkinta a 1863, garin ya koma na masunta da manoman kwakwa. Wannan koma-bayan shi ya tsirar da tsofaffin gine-ginensa, su ne kuma suka jawo masu yawon buɗe ido daga baya, otal-otal suka biyo. Ofishin Baturen mulki na 1863 yanzu gidan tarihi ne. Akwai benen 'yan mishan na 1845 da suke kira bene na farko a Najeriya. In mai zagayawa da ku ya faɗi haka, ku yi murmushi kawai. Hasumiyar Gobarau ta girme shi nesa ba kusa ba. Inda zuciya ke karyewa shi ne kurkukun bayi na Seriki Abass, mutumin da shi kansa aka taɓa sayarwa, ya dawo ya shiga sana'ar, har ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Ɗakunan ƙanana ne, tagar ba ta fi a zura hannu ba, kuma masu wurin na cewa mutum 40 ake cusawa a kowane. A gidan tarihin zuriyar Mobee za a miƙo maka sarƙar wuya ka ɗaga. Hannu biyu za ka sa. Za a ce ka rataya a ɗauke ka hoto. Ni dai ban ga abin hoto a ciki ba.

Abinci ba matsala. Kifi gasasshe da ɗanyar kwakwa ko'ina, masallatai na nan, mai shayi da mai tsire ɗan Arewa ba ya wuyar samu. Aibinta cunkoson Okokomaiko da Agbara, yawan shingayen bincike a hanyar Seme, da sauro. Riƙe katin shaidarka, ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ka kauce wa makon Kirsimeti don farashi na hauka a lokacin.

Yanzu ga inda nake son a buɗe kunne. Garin Badagry ba a bakin teku yake kai tsaye ba. Ruwan da ke gabansa kwantaccen ruwa ne mai kama da kogi; tekun na bayan tsibirin Gberefu, sai ka shiga kwale-kwale ka ƙetare, ka taka yashi mai ɗan nisa zuwa wurin da bayi ke yi wa ƙasa kallon ƙarshe. Ko kuma ka bi hanyar Seme zuwa Suntan Beach. Da wannan 'yan damfara ke cin abinci. Wani ejan ya taɓa karɓar kuɗin ɗakuna biyu a hannuna, ya turo hotunan igiyar ruwa da bishiyoyin kwakwa, ya rantse daga kan gado ake kallon teku. Da muka isa da dare, tagar na kallon ɗakin janareta, mai karɓar baƙi ya duba littafinsa sama da ƙasa ya ce ko sisi ba a biya ba. Lambar ejan a kashe. Dattijon da muke tare da shi ya leƙa tagar ya ce, "Ɗana, wanga shi na tekun?"

Don haka kada ka tura kuɗi asusun mutum, sai mai sunan otal ɗin. Kada ka yarda da hoton Instagram ko Facebook; ka ce a kira ka ta bidiyo, a tsaya cikin ɗakin, a buɗe taga, a kunna famfo da na'urar sanyi kana gani. Tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareta. In an ce sai ka biya duka yau don ɗakuna sun kusa ƙarewa, ajiye waya. Wanda ya gaishe ka da Hausa, ya ce shi ma ɗan gida ne, bai zama amintacce don wannan ba. Da yawa da harshen suke farauta.

A bakin kwale-kwale, ku yi cinikin zuwa da dawowa tun ƙafarku na kan tudu, ka riƙe rabin kuɗin sai an dawo da ku. Ba rigar kariya, ba shiga, kuma ba a ƙetarewa bayan magariba. Mai doki zai ɗora maka yaro kafin ka ce uffan, sannan ya yanka farashi. Masu bin baƙi suna cewa su ne jagorori sun fi jagororin gaske yawa. Ka nemi naka a cikin gidan tarihin, ba a bakin titi ba. Tekun kansa ba Gulbin Rima ba ne: igiyar na janye yashi daga ƙarƙashin ƙafa ta ja mutum ciki, gwanin iyo ma ba ta bari. Yara su tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, hannunsu cikin naka.

Sabuwar damfarar kuma ta fili ce. Tun da aka fara maganar titin nan, ana ta yawo da takardu a WhatsApp, wai fuloti a daidai inda hanyar Sakkwato za ta ƙare, saya yau ka ninka gobe. A Legas ana sayar wa mutum uku fili guda, kowa da rasit ɗinsa, sannan masu cewa ƙasar kakanninsu ce su zo karɓar nasu ranar da ka sauke bulo. In har sai ka saya, ka ɗauki lauyanka da safiyonka, ba waɗanda mai sayarwa ya kawo ba, a bincika takardun a ofishin filaye na jiha da ke Alausa kafin ka ba da ko kuɗin kafin alƙalami.