Kwana huɗu a jirgin shaƙatawa na Kogin Nilu: abin da na biya da abin da na samu

A watan Janairun da ya gabata ni da uwargidana muka je Alkahira domin ganin ɗanmu da yake karatu a Jami'ar Azhar, kuma shi ne ya matsa mana lamba a kan wannan tafiya. Cewa ya yi, "Baba, tun da Allah ya kawo ku har nan, bai kamata ku koma Garwa ba ku ga Nilu na ainihi ba, domin wanda yake cikin Alkahira gadoji da benaye sun shaƙe shi." Ni ɗan bakin Binuwai ne, na tashi ina jin labarin manyan jiragen kaya da suke haurowa daga Najeriya da damina su tsaya a tashar ruwa ta Garwa, amma abin da na taɓa shiga bai wuce kwalekwale ba, kuma ban taɓa kwana a kan ruwa ba. Saboda haka na yarda, muka sayi kwana huɗu daga Luksor zuwa Aswan a hannun wani ofishin shirya tafiye-tafiye.

Kafin a yi maganar jirgi akwai takardu. Mai fasfo na Kamaru yana bukatar bizar Masar tun kafin ya tashi, kuma mu a ofishin jakadancinsu da ke Yawunde muka nema. Katin rigakafin shawara ma dole ne ya kasance a aljihu, kada a jefa shi cikin akwatin da za a auna. Daga Alkahira mun bi jirgin ƙasa na dare, wanda ya tuna mini na Ngaundare zuwa Yawunde, gari ya waye mana a Luksor.

Abu na farko da ya kamata mai niyya ya sani shi ne tsakanin Luksor da Aswan bai fi kilomita 200 da 'yan kai ba, tafiyar da mota take yi a cikin wuni ɗaya ta dawo. Ma'anar haka ita ce, a cikin kwana huɗun nan jirgi ya fi daɗewa a tsaye fiye da yadda yake tafiya. Daren farko a Luksor muka yi shi a ɗaure, daren ƙarshe ma a Aswan haka. Ban san da wannan ba, shi ya sa da yamma ta yi ranar farko na ga ba a kwance igiya ba sai na ɗauka inji ne ya lalace, har na je na tambayi mai karɓar baƙi. Akwai kuma tsarin kwana uku wanda yake tasowa daga Aswan ya gangaro Luksor, ya fi sauƙin kuɗi, kuma ya fi sauri domin yana bin gudun ruwa, tun da Nilu arewa yake kwarara. Duk da haka ni ba zan ba da shawararsa ba, domin abin da ya fi komai daraja a tafiyar nan shi ne awoyin da jirgi yake motsi da rana, kuma su ne suke raguwa idan aka rage kwana.

Ɗakin da aka ba mu da farko shi ne babban korafina. A hoton da aka nuna mana akwai faffadar taga tana kallon ruwa da itatuwan dabino, amma da aka buɗe mana ƙofa sai muka tarar muna hawa na can ƙasa, ta wajen baya, kusa da inji. Tagar ƙarama ce, ba ta buɗuwa, ruwan kogi yana kusan daidai da gindinta, kuma kofin shayin da na ajiye a kan tebur yana ta kaɗawa saboda rurin janareta. Ƙari a kan haka, jiragen nan jere ake ɗaure su, gefe da gefe, huɗu ko biyar a wuri ɗaya, ta yadda mutum sai ya ratsa zauren jirgi uku kafin ya kai nasa. Da uwargida ta yaye labule, abin da ta gani shi ne tagar wani jirgin, tazarar ba ta fi kamu biyu ba, da wani Bature yana goge haƙora. Ta saki labulen ta ce, "Malam, wannan ne Nilun da muka biya?" Sai da ɗanmu ya yi doguwar magana da manaja cikin Larabcinsu, muka kuma ƙara kuɗi, sannan aka mayar da mu hawa na uku ta wajen gaba. Laifin rabi nawa ne, domin ban nemi a rubuta mini sunan jirgi da hawan da ɗakin yake a takardar biya ba. Wanda zai je ya nemi wannan a rubuce, ya kuma tambayi shekarar da aka yi wa jirgin gyara na ƙarshe, domin taurari biyar da ake liƙa wa jiragen nan ba su nuna komai game da tsufan famfo da na'urar sanyaya ɗaki.

Abinci kuwa ban ga abin kushewa ba. Sau uku a rana ake jera shi kowa ya ɗebi abin da yake so, naman na halal ne, kuma bakin mutumin arewacin Kamaru ba zai yi baƙunta ba. Abin da suke kira mulukiya miyar lalo ce tsaf, sai dai sun fi mu zuba tafarnuwa. Bamiyarsu kuɓewa ce. Karkade da aka tarbe mu da shi a ƙofa kuwa zoɓo ne, wato folere namu. Da safe akwai wake da aka dafa ya yi lugub da ƙosansu mai kore a ciki. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne abin sha ba ya cikin kuɗin, har da ruwan gora. Ana rubuta shi a lambar ɗaki, sai ranar sauka a miƙo takarda, kuma farashinsa ya ninka na kanti sau da yawa. Tun rana ta biyu muka koma sayen manyan goruna a gari muna shiga da su. Ruwan famfon jirgi na wanka da alwala ne kawai, kada a sha, haka kuma ɗanyen ganye a yi hattara da shi, domin wani abokin teburinmu ya yi wuni guda a kwance saboda ciki.

Da aka kwance igiya rana ta biyu da azahar, sai na manta da duk ɓacin ran daren jiya. Na hau rufin jirgi na ja kujera can gaba, inda ba a jin ƙarar inji, sai ƙarar ruwa yana tsagewa. Ƙasar Masar a nan siririya ce ƙwarai: kore shar na rake da ayaba da dabino a bakin ruwa, bayansa kaɗan kuma sai rairayi da duwatsu jajaye, babu ko ciyawa, kamar an ja layi da wuƙa. Na ga masunta biyu a ƙaramin kwalekwale, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana dukan ruwa da doguwar sanda domin ya koro kifi cikin raga, yara suna wanke jaki, bauna tana kwance cikin taɓo da balbela a gadon bayanta. Da magariba ta yi kiran salla ya taso daga gaɓa biyu a lokaci guda, wani masallaci yana gamawa wani yana farawa, jirgi yana ratsawa a tsakani. Wannan sa'a ɗaya ita ce ta biya mini kuɗina. Sai dai a riƙe rigar sanyi mai kauri, domin iskar arewa da take bi ta kan ruwa a Janairu ta fi hunturun Garwa cizo, kuma mu da muka saba da zafin Maris da Afirilu mun raina ta har sai da ta kama mu da mura. Daga Oktoba zuwa Afirilu ne lokacin tafiyar. Da bazararsu zafi yana wuce digiri 40, kuma yawon duk a cikin duwatsu ake yin sa.

A Isna akwai madatsa mai ƙofofi, inda jirgi yake shiga wani dogon akwati, a rufe bayansa, a cika ruwa har ya ɗaga shi zuwa tsayin kogin da ke gaba. Jirage layi suke bi, mun yi jira mai tsawo, kuma a lokacin jiran ne 'yan kasuwa suke zuwa da kwalekwale su ɗaure a jikin jirgi, su dinga jefo jallabiya da mayafai cikin leda har rufin hawa na biyar. Idan mutum yana so sai a yi ciniki da ihu da yatsu, ya sa kuɗi a ledar ya jefa musu, idan ba ya so ya mayar da kayan. Na yi shekaru ina kasuwa, amma ban taɓa ganin saiti irin nasu ba. Uwargida ta sayi shimfiɗar tebur a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka fara faɗa, ta kuma ce an cuce ta.

Game da ibada, babu masallaci a jirgin, amma ma'aikata suna da wani lungu kusa da kicin inda suke shimfiɗa darduma, kuma da suka gane mu sai suka riƙa kirana jam'i. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba kamar gida ba, kuma tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya bi kwanar kogi, saboda haka na fi son in jira a tsaya ko in tambayi matuƙa. Iyali su sani cewa akwai mashaya a zaure, akwai kuma wurin ninƙaya a rufi inda Turawa suke kwanciya da kayan wanka. Dare ɗaya an kawo mai rawa, mu dai muka koma ɗaki, babu wanda ya ce mana don me.

Yawon da ake fita yawanci sammako ne, kuma jagora yana tafiya da rukuni ne bisa harshe. Mu an haɗa mu da masu Faransanci, amma sai da muka nema, don haka a faɗa tun wajen biya. Karnak, babban tsohon gidan bauta na zamanin Fir'auna da ke Luksor, ya girgiza ni, musamman zauren nan mai ginshiƙai 134 wanda mutum yake zama kamar tururuwa a cikinsa. A Kwarin Sarakuna, inda aka binne sarakunan Masar na dā, tikiti ɗaya kaburbura uku yake buɗewa, kuma na Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, kuɗinsa daban ne, ga shi ƙarami; ni da na sani da ban ƙara ba. Uwargida ta fara tafiyar da ɗari-ɗari saboda gumaka, sai da ta ga masallacin Abul Hajjaj, waliyyin ƙarni na 13, a zaune daram a kan ginin Fir'auna a tsakiyar Luksor ana salla a cikinsa, sannan hankalinta ya kwanta. A ƙofofin wuraren nan da katin banki ake sayen tikiti, ba a karɓi tsabar kuɗi daga hannunmu ba, don haka a tabbata katin yana aiki a ƙasar waje kafin a baro gida. Idfu gini ne da ya tsaya kusan cikakke, amma keken dokin da ake kai mutane da shi bai yi mini ba, dawakan sun rame kuma direbobin suna sauya magana a hanya. Kom Ombo da yamma muka isa, kuma gawawwakin kadojin da aka busar aka jera a ɗan gidan tarihi na gefensa sun fi ginin kansa tsaya mini a rai.

Bakshish, wato ɗan hasafi, wani kuɗi ne da ya kamata a ware masa jaka tun daga farko. Mai ɗaukar kaya, direba, mai gadin kabari, mai tsaron bayan gida, kowa yana sa rai, kuma ranar ƙarshe ana ajiye ambulan na ma'aikatan jirgi baki ɗaya, na jagora kuma daban. Ban ga laifin na ma'aikata ba, domin yaron da yake gyara mana ɗaki kullum sai ya naɗe tawul ya yi siffar kada ko agwagwa, kuma mai kawo mana shayi, da ya ji daga Kamaru muke, bai bar ni na huta ba a kan wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2017 da muka ci su 2 da 1, ni kuma yana tuna mini na 2008 sai in yi shiru. Abin da ya kamata shi ne a canza kuɗi a samu ƙananan takardun fam masu yawa, domin wanda ya miƙa babba ba zai ga canji ba. Intanet na jirgi ba abin dogaro ba ne. Layin waya na Masar da muka saya da fasfo a Alkahira shi ya yi mana aiki a duk tsawon kogin.

A Aswan an kai mu babbar madatsar da aka gina tsakanin 1960 da 1970, mai tsayin mita 111, kuma wanda ya san madatsar Lagdo ta kusa da Garwa zai gane abin da yake kallo, sai dai tafkin da ke bayanta ya miƙe kusan kilomita 500 har cikin Sudan. Ita ce ta tashi ƙauyukan Nubiyawa, ita ce kuma dalilin da ya sa aka yanka gine-ginen Abu Simbel gunduwa-gunduwa aka mayar da su kan tudu tsakanin 1964 da 1968. Zuwa Abu Simbel ba ya cikin kuɗin jirgi, kilomita kusan 280 ne ta hamada, ana tashi tun kafin asuba, a yi sama da awa uku zuwa, a yi haka dawowa. Ni da ɗanmu mun je, kuma ban yi nadama ba, amma ba zan ja dattijo mai ciwon baya zuwa can ba. Uwargida ta zauna a Aswan, wata ma'aikaciyar jirgi ta raka ta kasuwa, inda aka yi ta tambayarta ko 'yar Sudan ce. Da muka dawo da la'asar, a gajiye, mun tarar ta cika rabin akwati da dabino da busasshen zoɓo, har da garin goruba, wadda ake sayarwa a bakin ƙofar gidanmu a Garwa.