Sharhi kan wata cibiyar duba aikin masu koyon jinyar damuwa

Akwai wata cibiya mai zaman kanta a Kaduna da ke haɗa ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam, masu koyon jinya ta hanyar tattaunawa, da ƙwararrun da ke duba aikinsu mako-mako bisa wani kuɗi. Ta fuskar tsari ban ga abin kushewa ba, domin ana kiyaye lokaci, ba a ambaton sunan majinyaci a zama, kuma ba a sauraron muryar da aka naɗa sai da rubutacciyar amincewar mai ita.

Inda gizo ke saƙar shi ne, takardar rajista ba ta faɗin mazhabar malamin da za a haɗa ɗalibi da shi. Ni an horar da ni a kan tafarkin Aaron Beck, wanda ke farautar gurɓataccen tunanin da ke damun mutum a yau, ya kuma ba shi aikin gida, amma sai aka haɗa ni da wani dattijon likita mabiyin Sigmund Freud, wanda hankalinsa ke kan ƙuruciyar majinyaci da abin da ke ɓoye a can ƙasan zuciya. Saɓanin tsoho ne: Beck kansa mabiyin tafarkin Freud ne kafin binciken da ya yi kan ciwon damuwa a Jami'ar Pennsylvania ya sa ya kama tasa hanyar a shekarun 1960.

Na kawo wa dattijon likitan batun wata baiwar Allah da barci ya ƙaurace wa tun bayan rasuwar mijinta, na nuna masa jadawalin da na ba ta domin ta riƙa rubuta tunanin da ke taso mata da dare. Ya ajiye takardar a gefe, ya ce, "Malama, da ta yi shiru bayan ta ambaci mahaifinta, me ya sa kika yi gaggawar miƙa mata biro?" Na ce, "Ranka ya daɗe, barci ta zo nema." Tambayarsa tana da nauyi, kuma irin wannan kaifin lura shi ne mafi darajar abin da cibiyar ke sayarwa. Sai dai a rahoton ƙarshen wata ya rubuta cewa aikina bai yi zurfi ba, alhali da ma'aunin mazhabarsa ya auna shi, ba da na hanyar da na bi ba. Da yake shi ne mai sa hannu a littafin sa'o'in horo, ɗalibai da dama kan koyi faɗa masa abin da yake son ji, su koma ɗakin jinya su yi abin da suka iya, wanda hakan ke rushe amfanin dubawar gaba ɗaya.

Tun a 1983 Edward Bordin, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana cewa alaƙar malami da ɗalibi a wannan fanni tana tsayuwa ne a kan yarjejeniya game da manufa, da ayyukan da za a yi, da kuma amincin da ke tsakaninsu. Cibiyar ba ta ware zaman farko domin wannan yarjejeniya ba, kuma ba ta da wani na uku da za a kai wa ƙara idan an saɓa. Wanda ya riga ya ƙware a hanyarsa, yake neman a ƙalubalance shi, zai ci riba a wurin. Sabon ɗalibi kuwa, shawarata ita ce ya nemi a gaya masa mazhabar malamin da ma'aunin ba da maki kafin ya biya, domin canza malami a tsakiyar zango yana nufin sake biyan kuɗin rajista.