Hattara da dillalin tarakta mai rumfar bututun famfo

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Abin da ya kusa cin kawuna makon jiya ne ya sa na ce bari in ja kunnenku tun damina ba ta kankama ba.

Kawu na da eka goma sha biyu a gefen fadama, ya gaji da jiran tantan ɗin haya. Sai ɗansa ya gano masa wani dillali a Facebook mai tallar ƙananan taraktoci 'yan Beljiyam. Massey Ferguson 135 ce, ja wur, wai ba ta daɗe da shigowa daga Kwatano ba, kuma wai tana da ƙarfen kariya idan ta kife. Saboda ƙarfen ma ya ɗora kuɗi a kai. Ya matsa a tura kafin alƙalami, wai mutum uku na layi. Kawu ya ce ba ya sayen biri a sama, muka ɗauki bakanike muka tafi.

Agogonta ya nuna awa ɗari biyar da 'yan kai, alhali tun a shekarun 1970 aka daina ƙera 135 a Ingila. Fenti har kan baƙin mai. Wannan bai dame ni sosai ba, tsohuwar 135 mai lafiya ta ishi ƙaramar gona, kayan gyaranta ma ba sa wuya.

Rumfar da dillalin ke kira ƙarfen kariya ita ce matsalar. Bakanike ya ƙwanƙwasa ta da sifana ya yi dariya. Bututun famfo ne aka yi wa walda a kan murfin tayoyin baya, aka rufa kwano. Maganin rana kawai. Ƙarfen kariya na gaskiya, wanda ake kira ROPS, a jikin aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, ake ɗaure shi da manyan notika, yana ɗauke da farantin kamfanin da ya gwada shi, kuma ba a huda shi, ba a yi masa walda. Tun 1959 Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci, Amurka ta biyo a 1976 a kan taraktocin da ma'aikata ke tuƙawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, har bel na ɗaure direba dillalin ya sanya a kujerar. Bel da ƙarfe na gaskiya ne suke ceton rai tare, domin bel ke riƙe direba a cikin filin da ƙarfen ya kare. Amma bel a ƙarƙashin bututun famfo, ai ɗaure mutum aka yi don injin ya danne shi. Kuma tarakta ba ta ba ka lokacin tunani. Ka ɗaura sarƙa sama da ƙarfen jan tirela don tuge kututture, gabanta ya ɗaga, cikin ƙasa da daƙiƙa biyu ta juye ta baya. Haka bin gaɓar magudanar ruwa, ko hawa titi da kaya ba a haɗe birkunan taraktar biyu, na hagu da na dama, ba.

Da muka nuna wa dillalin waldar, cewa ya yi, "Alhaji, ai kowa da ajalinsa." Kawu ya ce, "Haka ne, ɗana, amma ba da kuɗina zan saye shi ba."

Washegari layinsa a kashe. Jiya kuma na ga hotunan nan dai, tarakta guda, rumfa guda, a wani zauren WhatsApp da sabon suna da sabuwar lambar asusu. A hoton, fitilar hagu fasasshiya ce.