Zaman zaɓen aji a makarantar su yarona

Jama'a bari in ba ku labarin makarantar kuɗin da yarona yake a nan Kano, saboda abin da suka yi mana bayan ya gama jarrabawar BECE ta kammala JSS3 ya tsaya min a rai sosai.

Kafin a shiga SS1 suna kiran uba ko uwa tare da yaron, a zauna da malamar ba da shawara. Ni dai na je da maganata a baki, ajin sayans, likita nake so, dama duk dangi haka muke kiransa tun yana firamare. Ina fara bayani sai malamar ta ce Alhaji don Allah a bari mu ji ta bakinsa tukunna. Wallahi sai da na ji wani iri, amma na yi shiru.

Yaron nan da ko ido ba ya haɗawa da ni, sai ga shi yana cewa shi lissafi yana wahalar da shi, yana son karatun lauya, ya daɗe yana so tsoro ne ya hana shi faɗa. Shekara uku ina biyan kuɗin lesin ban taɓa tambayarsa ba, jikina ya yi sanyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta biye masa kawai ba. Ta ɗauko sakamakonsa tun daga JSS1 muka duba tare, ta ce masa in lauya ne to sai ya riƙe adabin Turanci da kyau don JAMB na neman sa, kuma ko ajin at (wato ajin masu karatun adabi da makamantansa) ya shiga lissafi ba zai bar shi ba, sai ya samo kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci, jami'o'i da yawa kuma har lissafin suke nema. Ta ba mu sati ɗaya mu je gida mu yi shawara da mahaifiyarsa mu yi istihara, sannan fom ɗin ma akwai wurin sa hannun yaro.

Inda suka gaza kuwa tsari ne. Malama ɗaya ce ga duk 'yan ajin, mun fi awa biyu a baranda babu isassun kujeru, wasu iyayen ma sun gaji sun tafi ba a ga yaransu ba. Ya kamata su raba ranakun.

Yanzu yana ajin at zango na biyu, da asuba shi yake tashin ƙannensa su shirya. Ƙanwarsa na JSS2, ita kam tuni na fara tambayarta.