Ƙauyukan Duwatsun Dolomiti: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya ƙudiri niyyar ganin duwatsun Dolomiti da ke arewa maso gabashin Italiya, waɗanda UNESCO ta sanya cikin wuraren gado na duniya a 2009, abin da zai fara sha masa kai shi ne inda zai sauka. Sunaye huɗu ne suka fi yawo a bakin matafiya: Cortina d'Ampezzo, tafkin Braies, Ortisei, da Santa Maddalena da ke kwarin Funes.

Cortina gari ne na masu hannu da shuni, ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta hunturu tun a 1956, kuma farashin ɗakunansa yana shaida haka. Braies wurin leƙawa ne na safiya ɗaya, domin cunkoson bazara yakan sa hukuma taƙaita shigar motoci. Ortisei ya dace da wanda ƙafarsa ba ta jure tafiya, tunda daga cikin gari ake shiga ƙananan ɗakunan da ke rataye a igiyar ƙarfe zuwa tudun Seceda.

Ni dai Santa Maddalena ce zaɓina. Ƙauyen yana zaune a tudu mai tsawon sama da mita 1,300, gidajen manoma a warwatse cikin ciyawa, ƙaramar coci a saman gangare, bayanta kuma tsaunukan Odle sun miƙe kamar haƙoran zarto, mafi tsawonsu ya kai mita 3,025. Da la'asar sakaliya, rana takan mayar da farin dutsen ja-ja, musamman a watan Oktoba lokacin da ganyen wasu itatuwan ke komawa ruwan ɗorawa. A wannan kwarin Reinhold Messner ya tashi, wanda shi da Peter Habeler suka fara hawa Everest ba tare da tulun iskar shaƙa ba a 1978. Hanyar ƙafa ta Adolf Munkel, wadda ke farawa daga Zannes da ke can ƙarshen kwarin, tana bi ta gindin duwatsun, kuma ba ta buƙatar gwanintar hawa. Ba sai da mota ba: jirgin ƙasa zai kai ka garin Bressanone, bas kuma ya shigar da kai kwarin. Mazauna wurin Jamusanci suka fi yi, domin yankin yana hannun Ostiriya har ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Musulmi ya kula da abinci, domin busasshen naman da suke kira speck na alade ne, kuma sukan cusa shi cikin curin burodin da suke kira canederli. A tambaya kafin a ci.

Ma'aunin da na fi bai wa muhimmanci yanzu shi ne sahihancin masauki, domin an taɓa damfarata. Na ga tallar wani gida da hotunansa masu ɗaukar ido da farashi mai rahusa, mai shi ya ce in tura kafin alƙalami ta banki saboda wai wasu na rububinsa, na tura, ashe babu gidan sam. Na kwana biyu ina jin zafin abin, kuma ba na son ya faɗa wa kowa.

Saboda haka kada ka yarda a janye ka daga shafin da ka ga talla zuwa WhatsApp don biyan kuɗi. Tun 2025 doka ta wajabta wa masu ba da hayar masauki ga baƙi a Italiya su nuna lambar rajista mai suna CIN a tallarsu. Idan babu ita, ka juya. Ka nemi adireshin a taswira, ka kira ofishin yawon buɗe ido na kwarin ka tabbatar sun san gidan. Gidajen gona masu ɗauke da tambarin jan zakara, Roter Hahn, suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar manoman yankin, kuma nan hankalina ya fi kwanciya. Masu neman bizar Schengen, wadda da ita ake shiga Italiya, kuma su guji dillalan da ke haɗa takardar otal ta bogi, domin ofishin jakadanci yana iya bincikawa ya hana bizar.

Hoto ma yana yaudara. Ƙaramar cocin San Giovanni da ke Ranui kusa da Santa Maddalena, wadda aka gina a 1744, tana cikin gonar wani ce da aka killace, sai an biya ake matsawa kusa da ita, kuma ba kowane masauki da ya liƙa hotonta ne ke kusa da wurin ba.