Ƙaramin fur (oven) na lantarki: yana aiki, amma kar ki yarda da lambobin jikinsa

'Yan uwa masu gasa gato, wato kek, a gida, ga abin da na gani game da ƙaramin fur ɗin nan na ɗorawa kan tebur da ya cika shagunan babbar kasuwar Garwa. Nawa mai lita 45 ne, sunan kamfanin ba sai na faɗa ba don duk jirgi ɗaya ya kwaso su, maɓalli uku ne a jiki, na zafi, na zaɓen wutar sama ko ta ƙasa, sai agogo mai ƙararrawa.

Gaskiya ya rage min wahala. Mu da muka saba da tukunya da yashin Binuwai a ƙasa, garwashi a kan murfi, kina fifita kina leƙawa hayaƙi na shiga ido, yanzu sai ki zuba kwaɓin ki rufe ki je ki yi wani aikin. Biskit da gato na gidan suna duk yana fitar da su da kala mai kyau, kuma gwangwanin gashi babba guda yana shiga har da sarari.

Toh amma fa maɓallin zafin nan maƙaryaci ne wlh. Ki sa shi a digiri 180, wanda shi ne daidai na yawancin gato, sai ki ga sama ta yi baƙi ciki kuma ɗanye sharaf. Dalili, ƙarfen da ke ba da zafi yana kusa da abincin sosai tunda akwatin ƙarami ne, kuma wutar ba tsayawa take wuri ɗaya ba, tana hawa ta wuce sannan ta sauka. Maganinsa ɗan ma'aunin zafi na cikin fur, mai allura kamar agogo, ki rataya shi a ciki ki ga gaskiyar abin da ke faruwa. Nawa sai na rage zuwa 160 kafin allurar ta zauna kusa da 180. Naki zai iya bambanta, shi ya sa kar ki kwafi lambata. Ki kunna shi minti 10 zuwa 15 kafin ki sa komai, ki ajiye gwangwanin a layin ƙasa ba na tsakiya ba, in sama ta fara ja da wuri ki yafa mata takardar alminiyom. Ɓangaren bayan fur ɗin ya fi na gaba zafi, sai an juya gwangwanin, amma ba kafin minti 20 na farko ba, in kika buɗe ƙofa da wuri gaton zai zauna ya ƙi tashi.

Sai maganar wuta. Irin waɗannan suna jan wat 1500 zuwa 2000, don Allah yaya kar ki jona shi a siririyar wayar nan ta caji waya, za ta yi zafi ta narke, bango kai tsaye ya fi. Kuma in aka ɗauke wuta gato na tsakiyar gashi shikenan ƙwai da sukari sun tafi, ni dai har yau ban jefar da tukunyar yashina ba, ranar da aikin na mutane ne tana nan kusa da gawayi.

Tarkacen da ke zuwa cikin kwalin ba wani abin kirki. Faranti siriri ne yana lanƙwashewa in ya ji zafi, ƙarfen juya kaza kuwa ban san wa ke amfani da shi ba. Kuɗin da za ki kashe a kan ƙyale-ƙyale gara ki sayi sikeli na kicin mai batir, don aunawa da kofi shi ke sa gato yau ya yi gobe ya ƙi. Ki gwada da kat-kar, gaton da ake auna kayansa huɗu daidai wa daida: ki auna ƙwai 4, nauyin da suka ba ki shi za ki auna na fulawa, na sukari, da na bota ko margarin. Lewir, wato hodar da ke sa kwaɓi ya tashi, na Alsa mai leda ruwan hoda giram 11 ne, na rabin kilon fulawa, kenan a nan rabin leda ya isa, in ya yi yawa ɗaci zai fito.

Zafin Garwa ma sai an yi dabara da shi, watan Maris da Afrilu da ake haura 40 margarin kan zama mai tun kafin ki buga shi da sukari, kuma narkakke ba ya riƙe iska, gaton sai ya fito da nauyi. Ki sa shi a firij ya ɗan kama jiki, ki yi kwaɓin bayan asuba ko da dare.

Mai yi wa iyali da ɗan odar unguwa, ki saya, ya isa. Mai gasa gato goma a yini kuwa wannan zai ɓata miki lokaci, ki nemi babba na gas. Kuma kafin ki biya ki ce mai shago ya jona shi a gabanki, ki ga ƙarfen sama da na ƙasa duk sun yi ja, ki duba ƙofar tana rufuwa ruf, don in kin kai gida ba lallai ya karɓa ba.