Na'urar hangen taurari mai bakin milimita 70: gilashin ya yi, filtar rana ta kusa cin idona

Irin na'urar nan ce da ta cika shagunan intanet, farin bututu a kan ƙafafu uku, kwalinta da hoton duniyar Zuhal (Saturn) da zobensa, an rubuta 525x, wato ƙara girma ninki 525, da manyan baƙaƙe.  Wata huɗu ta yi a hannuna a nan cikin birnin Kano, daga ƙarshen daminar 2025 zuwa tsakiyar hunturu, kuma da a makon farko aka tambaye ni, da cewa zan yi kowa ya je ya saya.

Babban gilashin gaba ba shi da laifi ko kaɗan. Faɗinsa milimita 70, nisan da yake tattara haske kuma milimita 700. An haɗo ta da gilasan leƙawa uku, H20 da H12.5 da SR4. Lissafin girman da kowanne ke bayarwa mai sauƙi ne, raba 700 da lambar da ke jikinsa: na farko ninki 35, na biyu 56, na uku 175. Da na ninki 35 na fara leƙa wata a daren takwas ga wata, kuma wallahi ban zaci abin da na gani ba. Bakin nan da haske da duhu suka haɗu cike yake da ramuka da tsaunuka, kowanne da inuwarsa. Bayan kwana biyu ramin da ake kira Kofanikas ya fito, wanda faɗinsa ya kai kilomita 93. Kada ku jira daren sha huɗu, ranar hasken ya yi yawa, inuwa ta ɓace, sai farin faifai kawai. Duniyar Mushtari (Jupiter) ma ya ba ni abin da na biya: watanninsa huɗu masu zagaye shi, da masanin taurari Galileo ya gani a 1610 sun jeru kamar ƙwayoyin gero a gefensa, gobe ka dawo ka tarar sun sauya wuri, domin na kusa da shi, Io, cikin kamar awa 42 yake gama zagaye. A ninki 56 ana iya rarrabe ratsi biyu masu duhu a jikinsa idan iska ta kwanta. Zuhal kuwa bai yi kama da na kwali ba, amma wannan ba laifin na'ura ba ne. A watan Maris na 2025 zoben ya juyo mana gefensa, saboda haka a ƙarshen shekarar kamar ƙwallo aka soke da tsinke.

To, ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. A cikin kwalin akwai wani ɗan baƙin gilashi da bai fi murfin kwalbar lemo ba, an rubuta SUN a gefensa, ana murɗa shi a ƙasan gilashin leƙawa. Takardar bayani ta ce da shi ake kallon rana. Rana tana da zango na kamar shekara 11 da baƙaƙen tabonta ke yawaita su ragu, kuma a Oktoban 2024 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sanar cewa an shiga ƙololuwar wannan zango, don haka akwai abin gani. Da hantsi, wajen ƙarfe goma, na murɗa shi a kan H20, na saita bututun ta hanyar kallon inuwarsa a ƙasa har ta zama ɗan da'ira, na leƙa. Rana ta fito koriya-koriya, da tabo biyu ko uku a jikinta. Ban kai minti biyu ba na ɗago kai don in ƙara ɗaure notin da ke sakin bututun. Hannuna na kan notin na ji ƙas, kamar an taka kwalba. Gilashin ya tsage gida biyu, wani farin haske ya fito ta tsagar ya sauka a kan hannun rigata, zafinsa na ji har fata. Nan ne daidai inda idona yake kafin in ɗago.

Wannan ba tsautsayin gilashi ɗaya ba ne, ƙirar ce ba daidai ba tun daga tushe. Ƙwayar idon mutum, ko a cikin duhu, ba ta wuce kamar milimita 7 a buɗe. Bakin milimita 70 ya ninka ta goma a faɗi, wato haske ninki ɗari yake kwasowa, ya matse shi a ɗan wuri. Wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma yana yaro ya san abin da nake nufi. A daidai wurin da zafin ya taru aka ce ka sa baƙin gilashi, shi kuma baƙin abu shanye zafi yake yi. Tsakiyarsa ta yi zafi ta buɗe, gefensa da ke cikin zoben ƙarfe bai yi ba, sai ya fashe. Mafi muni, fatar bayan ido da ke karɓar hoto ba ta jin ciwo. Mutum ba zai ji yana ƙonewa ba, sai daga baya ya ga baƙin ɗigo ya zauna masa a tsakiyar gani, wani lokaci har abada. Masu harkar kallon taurari sun daɗe suna cewa a jefar da irin wannan filta, na sani sarai, amma ganin an sako ta a kwali da takardarta ya sa na yi sakaci.

Na aika wa mai shagon hoton gilashin. Amsarsa ita ce, "Malam, ai ba a daɗewa ana kallo, leƙawa ake yi a ɗauke ido." Na ce masa, ranka ya daɗe, nawa ne ba daɗewa? Daƙiƙa ashirin? Talatin? Yaron da babansa ya saya wa wannan don ya ci jarrabawa, shi wa zai riƙe masa agogo? Ya ce zai turo min wata filtar kyauta. Irin waccan dai. Na ce ya bar ta, kuma ya daina sakawa a kwalin mutane. Bai sake amsawa ba.

Filtar gaskiya a bakin bututu take zama, ta gaba, ta tare hasken tun bai shiga ba. Wata 'yar takarda ce mai ƙyalli kamar ta cikin kwalin shayi, amma ba ita ba ce, kada wani ya gwada da waccan. Ta ainihi kashi ɗaya cikin 100,000 na hasken kawai take bari ya wuce. Kafin kowane amfani a ɗaga ta ga fitila a duba ko akwai huji, a manne ta da salatif yadda iskar hunturu ba za ta fige ta ba, a kuma rufe ƙaramin bututun saiti, wanda ke manne a jikin babban bututun, da murfinsa, domin shi ma yana ƙona. Gilashin masu walda, faifan CD, tsohon hoton asibiti, gilashin da aka shafa wa hayaƙin aci-balbal, babu ɗaya da ya halatta a bayan na'ura. Tabaran husufi masu lambar ISO 12312-2 ma don ido tsirara aka yi su, ba don a leƙa na'ura da su ba. Wanda bai samu filtar gaba ba, ya riƙe farin kwali kamar santimita 30 a bayan gilashin leƙawa, hoton rana zai sauka a kai, mutum biyar su kalla tare. Sai dai a riƙa rufe bakin bayan kowane rabin minti, don gidan gilasan wannan na'ura roba ne, narkewa yake yi. Ina nanata wannan ne saboda husufin rana na 2 ga Agusta 2027, wanda zai rufe rana ruf a wasu sassan Masar da kuma Makka, mu kuma mu ga wani sashe. Waɗanda suka ga na 29 ga Maris 2006 sun san yadda kowa ke ɗaga kai sama ranar.

Tun daga ranar sai sauran aibobin da nake ta haƙuri da su suka fara ba ni haushi. Lambar 525 ɗin nan yaudara ce. An same ta ne da ninka 175 da wani ɗan bututun ƙara girma da ake kira Barlow, mai ninki uku, alhali iyakar abin da gilashi ke iya bayarwa da tsabta kamar ninki biyu ne na faɗinsa a milimita, wato 140 a nan. Abin da ya wuce haka dusu-dusu ne. Ko SR4 ɗin kaɗai ya haura iyaka, ga ramin leƙawarsa kamar na allura, ga duniya tana juyawa digiri 15 a awa, Mushtari bai cika minti ɗaya a ciki ba ya fice. Ka taɓa bututun don ka bi shi, ƙafafun su kama rawa, sai ka ƙirga biyar ko shida kafin hoto ya tsaya. Na rage rawar da rataya jarkar ruwa mai lita huɗu a tsakiyar ƙafafun, na kuma daina zare su har ƙarshe, a kan kujera 'yar tsugunno nake kallo. A watan Janairu, da tsakar dare Mushtari kusan saman kai yake ratsawa a Kano, a nan kuma mariƙin ba ya iya riƙe bututun, sulalewa yake yi komai ɗaurin da ka yi masa. Ƙaramin bututun saitin kuwa sai an daidaita shi da rana tsaka a kan wata doguwar eriya mai nisa, kuma ɗan bugu kaɗan ya isa ya karkata shi.

Hazo ba laifinsu ba ne, amma a sani. Idan ya sauko har Goron Dutse ya ɓace daga gani, wata da Mushtari da Zara kaɗai za ka samu, Kaza da 'ya'yanta ma sai da ƙyar. Ƙurar da ta hau gilashi kada a goge ta da bakin riga, yashi ne, kartawa yake yi, a hure ta da 'yar robar hura iska. A guji saman dakalin siminti da ya sha rana, zafin da yake fitarwa bayan magariba yana sa hoto ya riƙa malala kamar ana kallo ta saman murhu.

Har yanzu ina fito da ita, da H20 da H12.5 kawai, kuma ina shirin neman gilashin leƙawa irin wanda ake kira Plössl idan na sami mai shiga bakinta, don faɗin nata inci 0.965 ne, na kasuwa kuma yawanci 1.25. Wanda zai yi kallon wata shi kaɗai, ya san abin da yake yi, zai more ta. Gidan da akwai yara kuwa ban ce a kai ta ba, sai an buɗe kwalin an ciro baƙin gilashin nan an daka shi da turmi tukuna.